Ƙamus ɗin Cambridge na Intanet a Kan Ma'auni: Gwaji da Kalmomin Barin Wuri

Na daɗe ina amfani da ƙamus ɗin Cambridge na intanet a aikina na koya wa manya rubutun wasiƙa da maganar wurin aiki da Turanci, amma ban taɓa zama da niyyar auna shi ba sai ranar da wata ɗalibata ta kawo mini tambayar da na fara ɗauka ƙarama ce. Ba ta daɗe da kama aiki a wani kamfani ba, aka sa ta cikin wani taro da za a yi ta bidiyo tare da manyan shugabanninta, ga shi kuma tana da uzurin da zai sa ta tashi kafin a kammala. Ta ce mini: "Malam, kalmomin da na sani na tafiya da Turanci sun fi goma, amma ban san wadda zan faɗa a gaban mutanen nan ba tare da an ɗauke ni marar ladabi ko mai iyayi ba." Ta miƙo mini takarda da jimloli uku a rubuce. Ta farko ita ce "I will now depart", wadda ta haɗa da kanta daga abin da ta tuna na littafin makaranta. Ta biyu ita ce "I'm gonna bounce", wadda ta ji a bakin matasa a wani shiri. Ta uku kuwa ita ce "I have to leave", amma ta ja layi ta soke ta, domin a ganinta ta yi sauƙi da yawa, ba za ta dace da gaban manya ba.

Wannan takarda ce ta sa na yanke shawarar gwada ƙamus ɗin a kan ma'ana ɗaya tak, wato barin wuri, in ga ko mai koyon da ba shi da malami a kusa zai iya dogara da shi ya zaɓi abin da ya dace. Na zaɓi wannan ma'ana ne domin Turanci yana da tarin hanyoyin faɗinta, kuma kuskure a cikinta yana zuwa ne a daidai lokacin rabuwa, lokacin da abin da mutum ya faɗa shi ne zai saura a kunnen waɗanda ya bari.

Ƙamus ɗin na maɗaba'ar Jami'ar Cambridge ne da ke Ingila, wadda tarihinta ya faro tun shekarar 1534 a zamanin Sarki Henry na VIII. Sun fara buga ƙamus na masu koyon Turanci a 1995, suka sa shi a intanet a 1999, kuma har yanzu ana shiga kyauta, sai dai akwai tallace-tallace a gefe da tsakanin bayanai. Idan mutum ya rubuta kalma, zai ga ma'anarta cikin Turanci mai sauƙi, da maɓallai biyu na sauraren furuci, ɗaya na Birtaniya ɗaya na Amurka, da misalai na jimloli. Kalmomi da yawa suna ɗauke da alamar mataki daga A1 zuwa C2, bisa tsarin auna ƙwarewar harshe da Majalisar Turai (Council of Europe) ta fitar a 2001, inda A1 ke nufin kalmar da ɗan koyo ke fara sani, C2 kuma ta gwanaye. Abin da ya fi damuna a wannan gwaji shi ne wasu ƙananan alamomi da ake rubutawa kusa da kalma, waɗanda ido kan tsallake cikin sauri. Alamar "formal" tana nufin maganar kamun kai, irin ta takardar hukuma da sanarwa da zaman kotu. Alamar "informal" tana nufin maganar sakin jiki, irin ta abokai da 'yan gida. Akwai kuma ta kalmomin sara, da ta tsohon yayi, da ta raha, da ta zagi, da waɗanda ke nuna cewa a Birtaniya ko a Amurka aka fi jin kalmar.

Na fara da kalmar da ɗalibata ta soke. Kalmar "leave" ba ta da alamar kamun kai, ba ta da ta sakin jiki, kuma tana matakin A1. Rashin alamar nan bayani ne mai nauyi, sai dai mai koyo ba ya karanta shi a matsayin bayani, domin ba a saba ɗaukar gurbin da babu komai a cikinsa a matsayin magana ba. Abin da yake nufi shi ne kalmar tana shiga ko'ina: shugaban ƙasa yana faɗinta a jawabi, yaro yana faɗa wa uwarsa, lauya yana rubuta ta a takarda. Da a ce ni ne mai tsara shafin, da na sa wata alama da ke cewa a fili wannan kalma ta kowa ce, domin na lura cewa mafi yawan kurakuran ɗalibaina a wannan fage suna fitowa ne daga gudun kalma mai sauƙi. Sun ɗauka cewa gwargwadon tsawon kalma da baƙuntarta, gwargwadon girmamawar da ke cikinta, alhali ba a nan gizo ke saƙa ba.

Wannan zato nasu yana da tushe a tarihin harshen, kuma sashen nahawu na ƙamus ɗin ya taɓo shi a bayaninsa game da bambancin salon magana biyu. Bayan da Normanawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na tsawon ƙarnoni, Latin kuma yana riƙe da coci da makaranta, talakawa suna ci gaba da maganar kakanninsu. Saboda haka Turanci ya tashi da kalmomi biyu ko uku a kan abu guda, ɗaya ta gida, sauran na aro masu ƙamshin hukuma. Kalmomin "leave" da "go" daga tsohon Turanci suke. Kalmar "depart" ta shigo ta tsohon Faransanci, "vacate" daga Latin take, haka ma "exit", wadda a asalinta take nufin "yana fita", kuma an daɗe ana rubuta ta a takardun wasan kwaikwayo don nuna lokacin da ɗan wasa zai bar dandali. To, gaskiya ne kalmomin aron nan sun fi nauyi, amma nauyinsu na hukuma ne, ba na ladabi tsakanin mutum da mutum ba, kuma waɗannan abubuwa biyu sun sha bamban.

A nan ne ƙamus ɗin ya burge ni sosai. Ya sa wa "depart" alamar kamun kai, sannan misalansa suka nuna inda kalmar take zaune a zahiri, wato wurin maganar jirgin sama da jirgin ƙasa da lokacin tashinsu. Wanda ya karanta misalan da natsuwa zai gane cewa kalma ce ta allon tashar jirgi, da jadawalin tafiya, da rahoton da ke cewa tawaga ta bar birni kaza da ƙarfe kaza. Jimlar ɗalibata ta farko ba ta da kuskuren nahawu ko ɗaya, amma a kunnen mai harshen za ta yi kama da sanarwa ta lasifika, kuma mutum ba ya sanar da tashinsa kamar jirgi. Akwai ma wani gefe da ya kamata a sani: wannan kalma tana da alaƙa da maganar mutuwa, domin ana cewa "the departed" ana nufin mamaci, ana kuma cewa "depart this life" a madadin rasuwa. Haka "vacate", wadda ita ma take da alamar kamun kai, ba ta nufin tashi kawai, tana nufin barin wuri fanko don wani ya shiga, shi ya sa ake ganinta a sanarwar otal da ke neman baƙi su bar ɗakuna kafin wani lokaci, ko a wasiƙar mai gida zuwa ga ɗan haya. Wanda ya ce zai yi "vacate" daga taro ya yi amfani da kalmar da ba ta wurin ba, ko da kuwa alamarta ta yi daidai da girman taron.

Zan ɗan tsaya a kan wata magana da masu son tsohon salo ke ƙauna, wato "take my leave". Kalmar "leave" da ke cikinta ba ita ce ta tafiya ba, wata kalma ce dabam mai ma'anar izini, irin wadda ake ji a hutun soja ko na ma'aikaci, kuma asalinsu biyu ne a tsohon Turanci, daga baya rubutunsu ya haɗu. Ma'anar maganar ke nan ita ce neman sallama daga wanda ya fi ka. Tana da kyau a kunne, kuma ina jin daɗin haɗuwa da ita a rubutu, amma a maganar ofis ta yau a Birtaniya ko Amurka ta zama baƙuwa, har mai sauraro zai iya zaton raha ake yi masa. Na kan ce wa ɗalibaina su san ta don karatu, kada su ɗauke ta su shiga taro da ita.

Da na juya ɓangaren sakin jiki ne na ga iyakar abin da alama za ta iya. Ƙamus ɗin ya sa alamar "informal" a kan "make tracks", wadda mutum ke faɗa wa abokansa cikin fara'a idan dare ya yi yana so ya kama hanyar gida. Ya sa irin wannan alama a kan "scram" da "clear off", waɗanda kora ce tsagwaronta, daidai da a ce wa mutum ya ɓace daga nan. Alamar ɗaya ce, amma tsakanin waɗannan maganganu akwai rata mai faɗi, domin ta farko sallama ce, sauran biyun kuwa suna iya jawo faɗa. In yi wa ƙamus ɗin adalci, bayanin ma'anar yana nuna wannan bambanci ga wanda ya karanta shi har ƙarshe, domin yakan faɗa cewa ana amfani da maganar ne wajen umartar wani ya tafi. Matsalar ita ce mai neman kalma cikin gaggawa yakan kalli alama ya wuce, ya ɗauka duk abin da aka kira na sakin jiki zai yi daidai da abokai. Tambayar da ta fi muhimmanci a wannan fage ita ce wa ke tafiya: ni ne nake faɗin tashina, ko wani nake cewa ya tashi? Kalma kamar "get out" ba ta da laifi idan mutum yana ba da labarin yadda ya fita daga mota, amma idan ya dubi wani ya faɗa masa ita kai tsaye, ya kore shi ke nan.

Dalilin wannan giɓi, a fahimtata, shi ne magana ba hawa biyu gare ta ba. Wani masanin harshe ɗan Amurka mai suna Martin Joos ya kasa salon Turanci gida biyar a shekarun 1960, tun daga daskararren salo irin na rantsuwa da addu'o'in da ba a canza kalmominsu, zuwa na kamun kai, zuwa na tuntuɓa irin wanda ake yi da likita ko abokin ciniki, zuwa na sakin jiki, har zuwa na kusanci tsakanin ma'aurata ko aminai. Mafi yawan rayuwar ma'aikaci a hawa na uku take gudana, inda ake girmama juna ba tare da an sandare ba, kuma shi ne hawan da ba shi da alama a ƙamus. Taron ɗalibata a nan yake. Ita kuwa tana ta neman kalma a hawa na biyu, tana tsoron faɗawa na huɗu, ba ta san cewa akwai fili a tsakani ba.

Alamun ƙasa sun yi mini amfani fiye da yadda na zata. Mutumin Birtaniya zai ce "I must be off" ko "I'd better make a move", abokan zamansa su gane cewa zai tashi ne. Maganar ta biyu tana buƙatar kulawa, domin idan aka ƙara mata "on" da sunan mutum sai ta koma nufin neman kusantar wani da soyayya. Mutumin Amurka ya fi cewa "I'm heading out" ko "I'm going to take off", kuma ita wannan "take off" ɗin tana nufin tashin jirgin sama, tana nufin tuɓe riga, tana kuma nufin barin wuri ba shiri. Shafin ya rarraba waɗannan ma'anoni, kowace da kanunta da misalinta, ta yadda mutum ba zai rikita su ba, kuma wannan tsari na rarraba ma'ana yana cikin abubuwan da suka sa nake tura ɗalibaina can. Akwai kuma "do a runner", ta Birtaniya, wadda ke nufin arcewa don gudun biyan kuɗi ko gudun hukunci. Wanda ya ji ta sau ɗaya ya ɗauka tana nufin tafiya da sauri kawai, zai iya jingina wa kansa ko wani laifin da ba a aikata ba.

Kalmomin sara kuwa suna da wata matsala tasu, wato tsufa. Kalmar "split" a ma'anar tafiya ta yi tashe a Amurka a tsakiyar ƙarni na 20, yau kuwa mai faɗinta yana tuna wa mutane wani zamani ne. Kalmar "skedaddle" ta bazu tun lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, kuma yanzu sai a wurin raha ake jin ta. Ita "bounce" ɗin ɗalibata ta matasa ce, tana kusa da abin da saurayi ke nufi idan ya ce wa abokinsa bari ya ware, kuma babu wanda zai faɗi haka a gaban shugabansa a ofis. Ƙamus yana iya sa wa kalma alamar tsohon yayi bayan ta tsufa, amma kowane ƙamus a bayan bakin mutane yake tafiya, don haka shawarata ga mai koyo ita ce ya fahimci sara idan ya ji ta, amma ya jinkirta faɗinta har sai ya ji ta a bakin wanda yake magana da shi.

Akwai wani rukuni da ba ya cikin rigimar kamun kai da sakin jiki kwata-kwata, amma masu koyo sukan cusa shi ciki. Waɗannan kalmomi ne da ke bayyana yadda aka tafi. Idan aka ce "slip out", an sulale ne ba tare da an dami kowa ba. Idan aka ce "sneak out", an fita a ɓoye kamar mai abin ɓoyewa. Idan aka ce "storm out", an fita a fusace, "walk out" kuwa yakan nuna ficewa don nuna rashin amincewa, har ma'aikata masu yajin aiki da ita ake kwatanta su. Kalmomin "step out" da "pop out" suna nufin fita na ɗan lokaci da niyyar dawowa, kuma suna da amfani ƙwarai ga sakataren da zai gaya wa baƙo cewa maigidan ya ɗan fita. A wannan rukuni bayanan ƙamus ɗin sun fito sarai, ban sami abin kushewa ba. Wani abin sha'awa da ya danganci wannan shi ne tafiya ba sallama, wadda Turawan Ingila suka daɗe suna kira "French leave", su kuma Faransawa suna kiran wannan ɗabi'a tafiya irin ta Ingilishi, kowa ya ɗora wa maƙwabcinsa.

Inda na fi ganin rauni shi ne akwatin da suke kira SMART Vocabulary, wanda ke fitowa a ƙasan bayanin kalma yana tara duk kalmomin da suka shafi batu ɗaya. Tunanin yana da kyau, domin mai neman hanyoyin faɗin tafiya zai same su a wuri guda. Sai dai an jera su ne bisa haruffa, ba bisa nauyinsu ko yawan amfani da su ba, kuma sai an danna kowace kafin a ga alamarta. A cikin jerin tafiya mutum zai ci karo da "absquatulate", wata kalmar raha da Amurkawa suka ƙirƙira a ƙarni na 19, wadda mai harshen ma zai iya ƙare rayuwarsa bai furta ta ba, ga ta zaune kusa da kalmomin yau da kullum da kuma na kora. Ga malami ko marubuci wannan taska ce. Ga ɗan koyo mai sha'awar manyan kalmomi kuwa tarko ne, domin idonsa zai fi kama baƙuwar kalma, ita ce kuma ta fi hatsari. Da an kasa jerin gida-gida, na ko'ina a sama, na hukuma a gefe, na abokai a gefe, na zagi a ƙasa da gargaɗi, da amfaninsa ya ninka. Haka nan ƙarin misalan da ke can ƙasan shafi, waɗanda aka ɗebo daga rubuce-rubucen masana da muhawarorin majalisa da makamantansu, sukan yi wa ɗan koyo nauyi, kuma a wurin "depart" da yawansu suna magana ne a kan kauce wa ƙa'ida ko ra'ayi, ba barin wuri ba.

Amma abin da gwajin ya fi bayyana mini ya wuce tsarin wannan shafi, ya shafi yanayin ƙamus kansa. Ƙamus kalma-kalma yake tafiya, ladabin sallama a Turanci kuwa a ginin jimla yake zaune. Aikatau ɗin yana iya zama "go" ko "leave" a kowane hali, abin da ke canzawa shi ne abin da aka kewaye shi da shi. Wanda ya ce "I'm afraid I have to leave at three" ya nuna cewa ba da son ransa zai tashi ba, kuma "afraid" a nan ba tsoro take nufi ba, nuna damuwa ce cikin ladabi. Wanda ya ce "Would you excuse me?" ya mayar da tashinsa tambaya, ya bar wa mai sauraro girman ba da izini. Wanda ya ce "I'd better be going" ya ɗora dalilin a kan lokaci, bai ɗora a kan gajiya da zaman ba. Gajarta kalmomi, kamar "I'm" a madadin "I am", yana sassauta magana, kuma ya halatta a kusan duk maganar baki ta ofis, amma "gonna" da "gotta" sun gangara ƙasa da haka. Duk waɗannan suna cikin shafin, sai dai a warwatse: wani a ƙarƙashin "afraid", wani a ƙarƙashin "excuse", wani a sashen nahawu inda aka yi bayanin gaisuwa da bankwana. Wanda bai riga ya san cewa akwai su ba, ba zai san abin da zai rubuta a akwatin nema ba. Sashen nahawun nan yana da kyau ƙwarai, kuma ina ganin mutane da yawa ba su ma san da shi ba, domin sun saba su duba ma'ana su rufe.

Furucin da ake saurare shi ma na kalma ɗaya ne, ba na jimla ba. Yana da tsabta, kuma yana taimakawa wajen jin bambancin yadda Birtaniya da Amurka ke furta "depart", inda Birtaniya ke haɗiye harafin r, Amurka kuma ke fito da shi. Amma a wurin sallama karin murya yana ɗaukar kaso mai yawa na saƙon. "I'm off" idan aka faɗe ta da murmushi da ɗaga murya sallamar aboki ce, idan kuma aka datse ta a taƙaice tana iya nuna ɓacin rai. Wannan sai a bakin mutane ake koyonsa.

Duk da waɗannan giɓoɓi, hukuncina shi ne shafin ya cancanci a dogara da shi, kuma a cikin kalmomin da na bi ɗaya bayan ɗaya ban ga alamar da ta saɓa wa yadda na san ana amfani da kalmar ba. Ya fi dacewa da wanda ya kai matsakaicin mataki, wanda zai iya karanta bayani da Turanci ba tare da ya nemi fassarar kowace kalma ba. Fassara zuwa wani harshe, ko ta ƙamus ko ta na'ura, takan ba da kalma ɗaya a madadin "leave" da "depart" da "scram", a nan kuma duk bambancin da muke nema yake narkewa. Yadda nake koya wa ɗalibaina amfani da shi shi ne su fara da kalma mafi sauƙi da suka sani, su duba ko tana da alama, su karanta ma'anar har aya ta ƙarshe, sannan su tsaya a kan kowane misali su tambayi kansu wa ke magana, da wa yake yi, kuma a baki ne ko a takarda. Idan misalan duka na jirage ne da sanarwa, to kalmar ba ta bakin mutum ba ce. Wanda ya buɗe asusu na kyauta yana iya ajiye kalmomi a jerin kansa, kuma na sa wasu daga cikinsu sun yi jeri uku, na ko'ina da na takarda da na abokai, wato sun yi da hannunsu rabon da na so a ce shafin ya yi musu.

Ni da ɗalibata mun koma kan jimlar da ta soke. Kwana ɗaya kafin taron ta aika wa shugaban zaman gajeren saƙo tana cewa "I'm afraid I'll have to leave at half past three, as I have another appointment", domin sanarwa tun da wuri ta fi kowace kalma nuna girmamawa. Da lokacin ya yi, ta jira mai magana ya kai aya, sannan ta ce "Please excuse me, I have to go now. Thank you, everyone." Babu kalma ɗaya a ciki da ta fi ƙarfin ɗan shekara biyu da fara koyo. Da yamma ta kira ni hankalinta a ɗan tashe, ta ce shugaban ya amsa mata da "Of course, we'll let you go", ita kuwa ta taɓa jin cewa da irin wannan magana ake sallamar ma'aikaci daga aiki. Na ce mata abin da ta ji gaskiya ne, ana faɗin "let someone go" a wurin kora daga aiki don a sassauta zafin maganar, amma a ƙarshen taro ko hira ta waya ma'anarta ita ce ba za mu ƙara riƙe ki ba, kuma sau da yawa mai son kashe waya ne ke faɗinta don ya nuna lokacin abokin maganarsa yake tattali. Ta tambaye ni ko ita ma za ta iya faɗa wa shugabanta haka idan sun yi waya. Na ce za ta iya, muddin ita ce ta kira shi kuma ta ga alamar yana da aiki a gabansa, sai ta ce bari ta ƙara ta a jerinta na farko.